GYARAN ƊAKI KAFIN DAMANA: KAYAN AIKIN DA ZA A TANADA A SANAM DA ƘASAR KURFAI

Kaka ta wuce. Hatsi ya shiga rumbu, dabbobi sun shiga gonaki suna cin kara. A Sanam da ƙauyukan ƙasar Kurfai, yanzu ne mai gida yake da sukunin zagayawa bayan ɗakinsa, ya ga abin da ruwa ya yi masa. Wani zai tarar gindin bango ya zaizaye. Wani zai ga tsaga daga kan ƙofa har sama. Wani kuma azara ce ta lanƙwasa, ƙasa tana zubo wa yara a kan shimfiɗa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A damanar 2024 ruwa ya yi ɓarnar da aka daɗe ba a ga irinta ba a Nijar. Hukuma ta ƙidaya kusan mutum 400 da suka rasu. Wasu ruwa ne ya ci su, wasu ɗaki ne ya faɗa musu. A Damagaram, tsohon masallacin unguwar Birni, ginin ƙasa na ƙarni na 19, ya rushe ranar 3 ga watan Satumba. Arewacin jihar Tilaberi ba ƙasar ruwa mai yawa ba ce. Amma wata shekara ruwan da ya kamata ya sauko cikin wata guda sai ya sauko a dare ɗaya. Ɗakin da ba a taɓa ba tun rani, a irin wannan dare yake faɗuwa, mutane suna barci a ciki.

Da yawa suna cewa rashin kuɗi ne ya hana su gyara. Gaskiya ne, kuɗi na da wuya. Sanam tana kan hanyar da ta tashi daga Filinge ta bi ta Tebaram zuwa Tawa, kuma duk abin da aka sayo daga Yamai ko Tawa sai an biya masa kuɗin mota. To, amma in aka jera kayan gyaran ɗakin ƙasa a tsakar gida, za a ga yawancinsu ba na kanti ba ne. Wasu suna nan jingine a zaure. Wasu maƙerin gari ne ke ƙera su. Kaɗan ne ake zuwa kasuwar Lahadi ta Filinge dominsu.

WUƘA DA IGIYA SU NE NA FARKO

Kafin a sayi ko ƙusa ɗaya, sai an duba ɗakin. Kayan dubawa ba su da tsada: wuƙa mai tsini, siririyar igiya da aka ɗaura wa dutse, da guntun gawayi.

Wuƙa ta azara ce. A hau tsani ko turmi, a soki kowace azara a daidai inda ta shiga bango. Nan gara take farawa, nan kuma danshi yake kwana. Azara takan yi kyau a tsakiya, alhali kanta da ke cikin bango ya riga ya zama gari. In wuƙa ta shige ba wuya, wannan azara ta gama aikinta. A yi mata alama da gawayi. In an gama, a ƙidaya masu alama, a rubuta a takarda.

Igiya mai dutse ta bango ce. Mutum ɗaya ya hau, ya riƙe igiyar a saman bango, ya saki dutsen har kusa da ƙasa. Igiya mai nauyi ba ta karkata. In bango yana tsaye daidai, tazarar da ke tsakaninsa da igiya ɗaya ce sama da ƙasa. In saman ya kauce da faɗin tafin hannu, yaɓe ba zai yi magani ba. Ko a sauke bangon, ko a kira magini ya gina masa madogara daga waje.

Tsaga kuwa iri biyu ce. Akwai ta yaɓe, siririya kamar gashi, wadda ba ta shiga ciki. Akwai ta jikin bango, wadda ake hango haske ta cikinta da rana. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ruwa ma ta nan yake shiga. A liƙe bakin tsagar da laka mai yashi, a rubuta ranar a gefe. In bayan wata guda lakar ta rabe daidai kan tsohuwar tsaga, bangon yana tafiya, kuma ciwon yana gindi. Mai wannan ɗaki ya fara da tushe, ba da rufi ba.

ƘASA DA RUWA

Kayan haƙa sanannu ne: diga, galma, da fel, wanda ƴan Najeriya ke kira shebur. Kayan ɗauka su ne kwando, buruwet da amalanken jaki. Na ruwa kuma tano da bido. Tano ɗaya yana cin litir 200, wato bido takwas mai litir 25. A duba ƙotar diga da ta galma tun a gida. Ƙota mai girgiɗi tana fita a tsakiyar aiki, ta sami na kusa.

Ba kowace ƙasa ke gini ba. Ƙasar saman gona tana da taki da saiwa, a kankare ta a ajiye gefe, a mayar wa gona. Ƙasar da ke fitar da farin kanwa in ta bushe ita ma a bar ta, don gishirinta yana cin gindin bango. Rairayin jigawa shi kaɗai ba ya kama jikinsa. Lakar fadama ita kaɗai tana tsagewa. Abin da ake nema shi ne haɗin su biyun.

Kwalba mai haske tana nuna wannan haɗi. A zuba ƙasa har kashi ɗaya cikin uku na kwalbar, a cika da ruwa, a sa ɗan gishiri, a girgiza sosai, a ajiye ta kwana. Da safe za a ga ƙasar ta rabu hawa-hawa. Tsakuwa da yashi suna ƙasa, laka mai laushi tana sama. Ƙasar gini mai kyau, yashinta ya fi lakarta yawa. Akwai kuma gwajin hannu. A kwaɓa ƙasar, a murza ta kamar igiya mai kaurin babban yatsa, a tura ta sannu ta gefen tafin hannu. In ta katse tun ba ta kai tsawon yatsa ba, yashi ya yi yawa. In ta yi ta reto har tsawon taƙi ba ta katse ba, laka ta yi yawa, sai a ƙara yashi da ƙaiƙayi ko yankakkiyar ciyawa.

Maganar ruwa ita ce ke sa a yi sauri. A cikin Dallol Boso ruwa yana kusa. A kan tudu, rijiyoyi suna da zurfi, kuma tabkuna suna ƙafewa tun kafin zafi ya kama. Wanda ya buga birginsa da sanyi, da ruwan tabki ya buga. Wanda ya jira bazara, da shanu da awaki zai yi layi a bakin rijiya, ya ɗebi ruwan da makiyayi ya kwana yana jira. Faɗa da yawa daga nan suke tashi. Ga shi kuma birgin da aka buga cikin zafi yana bushewa da gaggawa, ya tsattsage.

AKWATIN BUGA BIRGI

Birgin ƙasa, wanda wasu ke kira tubali, da akwatin katako ko na ƙarfe ake buga shi. Magina suna kiran akwatin mulu. Kafinta ko mai walda yana haɗa shi cikin yini ɗaya. Na ƙarfe ya fi tsada, amma ba ya kumbura da ruwa, kuma yana shekaru. Abu ɗaya za a kiyaye: in gyara za a yi, a auna tsohon birgin da ke jikin bango, a yi mulu daidai da shi. Sabon birgi da ya fi tsoho tsawo ko kauri ba ya shiga layi, kuma mahaɗar nan ce za ta tsage.

A kwaɓa ƙasa da yamma, a tattake ta da ƙafa, a bar ta ta kwana. A share fili, a barbaɗa yashi don kada birgi ya manne. A jiƙa mulu kafin kowane bugu. A danna ƙasa sosai a kusurwa huɗu. Bayan kwana uku a tayar da birgin a kan gefensa, iska ta ratsa. Kada a ɗora shi a bango sai ya yi sati biyu ko fiye. A fasa ɗaya a duba: in cikinsa yana da duhun danshi, bai yi ba.

Ga ɗan lissafi ga wanda zai sake bango. A ce ɗaki mai metir 4 a tsawo, metir 3 a faɗi, bango mai tsayin metir 3. Zagayensa ya kusa metir 15. A ninka 15 sau 3, an sami 45. In birgin mai santimetir 40 ne a tsawo, 20 a faɗi, 12 a kauri, kuma an jera shi a tsawonsa, kowane metir ɗaya a tsaye da ɗaya a kwance yana cin birgi 17. A ninka 45 sau 17, an sami 765. A cire na ƙofa da taga, a ƙara na fashewa, sai a buga 800. In bango mai kauri ake so, wanda ake jera birgi a gicciye, sai a ninka biyu. Wanda ya yi wannan lissafi tun farko ba ya tsayar da magini a tsakiyar bango don birgi ya ƙare.

KAYAN AWO

Magini yana zuwa da cokalin gininsa da metir. Amma akwai kayan awo biyu da kowa zai iya haɗawa a gida.

Na farko igiya ce mai ƙulli. A ɗauki igiya, a yi mata ƙulli a tazara ɗaya, har ta rabu gida 12, a haɗa bakinta biyu. A kafa turaku uku, a ja igiyar ta yi gefe uku: gefe ɗaya gida 3, na biyu gida 4, na uku gida 5. Kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 ita ce kusurwar ɗaki ta gaskiya. Ɗakin da kusurwarsa ta kauce, ƙofa ba ta zama a cikinsa daidai, kwano ma ba ya jeruwa a kansa.

Na biyu tiyo ne na roba mai haske, kamar metir 10. A cika shi da ruwa, a fitar da kumfar iska. Mutum biyu su riƙe bakin biyu a tsaye, ɗaya a wannan kusurwa, ɗaya a waccan. Inda ruwa ya tsaya a baki ɗaya, nan ya tsaya a ɗayan. Da wannan ake sanin ko saman bango ya daidaita. Da shi kuma ake sanin inda tsakar gida ta gangara. Gidaje da yawa, shara da toka da taki sun taru a tsakar gida shekara da shekaru, har ta fi cikin ɗaki tudu. In ruwa ya sauko, gindin bango yake nufa. Maganin wannan fel ne da buruwet: a kwashe tudun a kai gona, a cika gindin bango da ƙasa mai tsakuwa, a daɓe ta ta gangara waje, a buɗe rariya ta fita bayan gida. Wannan aiki ba ya cin ko dala, kuma ya fi yaɓe ceton ɗaki.

RUFI SHI NE MAI WUYA

Abin da ya fi kashe mutane a ɗakin ƙasa shi ne rufi. Kuma akwai wata al'ada da ke ƙara masa nauyi. Duk shekara, in ɗaki ya yi yoyo, sai a hau a ƙara ƙasa. Ba a kwashe tsohuwa. A rufin ɗaki mai metir 4 da 3, ƙasa mai kaurin santimetir 10 ta kai nauyin tan 2, wato buhun siminti 40. In ta jiƙe ta fi haka. Azarar da aka sa don ta ɗauki rufi ɗaya, bayan shekara goma tana ɗauke da biyu. Saboda haka kayan aikin farko a kan rufi shi ne hauyar kankara, ba kwandon sabuwar ƙasa ba. A kankare ta saman da ta mutu, a zubar, kana a sa sabuwa.

In za a canja azara, sai an tanadi gwafa biyu ko uku masu ƙarfi da guntun katako. A fitar da yara da kaya da dabbobi. A rage ƙasar da ke sama. A tokare azarun da ke kusa da gwafa, a sa katako a ƙarƙashin kowace gwafa don kada ta nutse. Sai a zare ruɓaɓɓiyar. Ɗaya ake zarewa, a mayar da sabuwa, kana a taɓa ta biyu. Tsani ya zama mai lafiya, wani kuma ya riƙe gindinsa. Ana bukatar gatari, gizago da zarto don gyara kan icce.

To, ina za a sami iccen? Tun farin 1973 da 1974, da na 1984, manyan itatuwa sun yi ƙaranci a Kurfai. Gawo, giginya da goriba suna cikin itatuwan da doka ta kare, ba a sare su sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Azarar giginya mai kyau daga nesa take zuwa, daga dajin giginya na Dallol Mauri, wajen Gaya. Kafin ta iso Sanam ta yi tsada. Masu bedi a gida suna yanke reshe madaidaici, su ɓare ɓawon, su bar shi ya bushe a inuwa. Ɗanyen icce ba ya shiga rufi: yana lanƙwasa, ƙwari kuma suna son sa. Masu ɗan hali suna sayen dogon ƙarfe guda, wanda ake kira IPN, su gitta shi a tsakiyar ɗaki. Da haka faɗin ɗaki ya rabu biyu, gajerun itace sun isa. Amma a sa faffaɗan dutse ko dandamalin siminti a ƙarƙashin kan ƙarfen, in ba haka ba zai nutse cikin birgi.

Leda tana taimako in an san wurinta. A shimfiɗa ta a kan ƙasar farko bayan ta bushe, a rufe ta da wata ƙasar. Ledar da rana ke gani ba ta daɗewa. Ledar da aka rufe danshi a ƙarƙashinta kuwa tana ruɓar da azara.

Sai indararo. Ko na kwano ne, ko na tiyo, ko na icce, ya fito daga bango aƙalla rabin metir. Gajeren indararo a jikin bango yake zuba, ya sassaƙa rami daga sama har ƙasa. A jera duwatsu a inda ruwan ke faɗuwa. Da madaɓi ake daɓe saman rufi, a gangarar da shi wajen indararo, kada a bar kwarin da ruwa zai kwanta.

Wanda ya zaɓi kwano, guduma da ƙusa ba su isa ba. Iskar farkon damana tana ɗauke rufin kwano dungurungum, ta jefa shi gidan maƙwabci. Ana bukatar waya mai kauri ko siririn ƙarfen gini, da fensa ta murɗa shi. A ɗaure katakon rufi, a zura wayar cikin bango layi huɗu ko biyar na birgi daga sama. Ƙusa kuma a kan tudun kwano ake buga ta, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Duwatsun da ake ɗorawa a kan kwano ba ɗauri ba ne. In iska ta fi ƙarfinsu, su ma ƙasa suke yi, a kan wanda ke wucewa.

ABIN DA AKA FARA A CIKAL

Akwai hanya ta uku, kuma a nan ƙasar Kurfai aka fara ta. A 1980, a garin Cikal, kusa da Filinge, ƙungiyar Development Workshop ta zo cikin aikin da ake kira Tapis Vert. Ta koya wa magina rufe ɗaki da birgin ƙasa kaɗai, ba azara, ba kwano. An gina ɗakin yaƙi da jahilci da wannan dabara. Asalinta daga ƙasar Nuba ne, a kudancin Masar, inda icce ya yi ƙaranci tun zamanin da. Daga Cikal ta kai Iferwan a ƙasar Abzin, ta shiga Mali da Burkina Faso da Muritaniya. Ana kiran ta gini ba icce.

Kayan aikinta kaɗan ne. Akwai mulu biyu: babba na birgin bango, ƙarami na birgin rufi, wanda bai fi tafin hannu da yawa ba. Akwai sandar ƙarfe da ake kafawa a tsakiyar ɗaki, mai hannu da ke juyawa. Bakin hannun nan ne ke nuna wa magini wurin kowane birgi da yadda zai kwanta, layi bayan layi, har ƙubba ta rufe. In dogon rufi ne mai baka, igiyoyi ake ja daga bango zuwa bango, a jingina layin farko a jikin bangon ƙarshe. Ɗakin yana da sanyi da bazara, ba ya ƙara in ana ruwa, gara ba ta da abin ci a rufinsa, gobara ma haka.

Sai dai a yi hattara. Ƙubba tana tura bango waje. Tsohon bango siriri ba ya ɗaukar ta. Ana son tushe mai kyau da bango mai kauri, kuma sai maginin da ya koyi aikin a hannun wanda ya iya. Ganin ɗaki ɗaya a Cikal ko Filinge bai isa mutum ya ce ya iya ba. Kuma rufin nan ma ƙasa ne: yana son yaɓe da duba indararo kowace shekara.

Ginin ƙasa ba aikin rashi ba ne. Masallacin Juma'a na Yama, a jihar Tawa, manomi ne kuma magini, Alhaji Falke Barmu, ya fara gina shi a 1962, da ƙasa da icce da hannun mutanen gari. A 1986 aka ba ginin kyautar Aga Khan, wadda magina na ƙasashe da yawa ke nema.

INDA SIMINTI KE DA AMFANI

Nijar tana yin siminti a Malbaza tun shekarun 1960. A watan Oktoba na 2024, bayan ambaliya, gwamnati ta rage kuɗinsa. Duk da haka buhu mai kilo 50 ba abin wasa ba ne ga manomi. Ya kamata a san inda za a sa shi.

Masu dawowa daga cin rani suna son shafe bangon ƙasa da siminti don ya yi kyan gani. A nan ake asara. Ƙasa tana shan danshi ta kumbura, ta bushe ta koma. Siminti ba ya bin ta. Sai ya rabu da bango, ya tsage, ruwa ya shiga bayansa ya rasa hanyar fita. Daga waje ɗaki yana sheƙi, daga ciki bango yana narkewa. Wanda ke da irin wannan shafe ya ƙwanƙwasa shi da ƙotar wuƙa. Inda ya yi amon ganga, ya rabu, a ɓamɓare shi. In lalle sai an shafa, to a kafa ƙusoshi da ragar waya a jikin bango tukuna, don siminti ya sami abin kamawa.

Buhu biyu sun fi amfani a gindin bango tare da dutse, da bakin indararo, da dokin ƙofa. A kwaɓa da yashi mai tsabta, ba laka. A yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana 7, don simintin da ya bushe da gaggawa ba ya ƙarfi. A ajiye buhu a kan katako, ba a ƙasa ba. A taɓa shi tun a kanti: wanda ya yi dutse-dutse ya sha danshi, kada a saya. Siminti yana cin fata, mai kwaɓa shi ya sa takalmi, ya wanke hannu da ya gama.

Ga sauran bango, yaɓen gargajiya ya isa: ƙasa mai yashi, ƙaiƙayi, kashin shanu ko na jaki, a bar kwaɓin ya kwana biyu ko uku ya ruɓa. Wasu suna ƙara ƙasar suri. A kankare tsohon yaɓe, a yayyafa wa bango ruwa, kana a yaɓa. Bangon gabas ake fara yi, a ƙara masa kauri, don daga can ruwa da iska ke bugowa. Daɓen ciki aikin mata ne, da madaɓi da tsakuwa da ruwa. Inda aka sami makuba daga kudu, daɓen ya fi daɗewa.

JINKA DA BUKKA

Ba kowa ke da soro ba. Manoma da yawa, da Fulani da Abzinawa makiyaya, jinka ce ko bukka ko rumfar tabarma. Kayan gyaransu lauje ne, da adda, da basilla, da igiyar kaba ko ta rama. Ciyawar baibaya da gamba tun da kaka ake yanka su, kafin dabbobi da gobarar daji su riga mutum. A yanta ciyawa a ɗaure a ajiye a kan rumfa. A duba tsaiko da tanka kamar yadda ake duba azara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka a sanar da maƙwabta ranar ɗorawa tun da wuri. Rumbu ma a duba shi: duwatsun da yake zaune a kai, da jinkarsa. Murhu kuma ya yi nesa da darni.

KAYA ƊAYA, GIDA GOMA

Buruwet, mulun ƙarfe, tsani mai tsawo, tiyon awo da tano biyu sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Amma ba kowa ke bukatar su rana ɗaya ba. A shekarun 1970 da 1980 samariya ce ke tara matasa su buga birgin makaranta. Gayya kuwa ta girmi samariya, kuma tana nan. Gida goma suna iya haɗa kuɗi su sayi kayan nan, su ajiye a hannun mutum ɗaya amintacce. A sayi littafi. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci ya rubuta sunan mai ara, ranar ɗauka, ranar mayarwa, da halin da kayan suke ciki. A sa ɗan kuɗin aro don gyaran taya da ƙota. Kayan taro da ba a rubuta ba, cikin rani ɗaya suke watsewa.

A wurin aiki, bango daga sama ake sauke shi. Ba a sare gindinsa a ture. A juya tsohon birgi da hauya kafin a sa hannu, saboda kunama da maciji. Wanda tsohuwar ƙusa ta soka ya wanke da sabulu, ya tafi likita ranar, a yi masa allurar tetanos. A ramin ɗibar ƙasa, kada a yi ta rarake gindi a bar sama tana rataye, don tana rufta wa masu haƙa. Ramin ya yi nesa da gidaje. Da damana yana cika da ruwa, sauro ya hayayyafa, ƙananan yara kuma suna faɗawa.

In an gama, tun kafin hadarin farko na watan Yuni, a hau rufi da bido biyu na ruwa. A zuba a wurin da ya fi nisa da indararo, a tsaya a kalli inda ruwan ya bi. Wani kuma ya tsaya a cikin ɗaki yana duban sama. Inda ruwa ya kwanta, a zagaye wurin da tsinke, a cika shi da ƙasa, a daɓe, a sake zubawa.